Tafiyar da Muka Yi Saboda Idon 'Yata

Mun bar Dutse ana idar da sallar asuba, ni da yayana da mai ɗakina, tana goye da 'yarmu da ba a daɗe da yaye ta ba. Dalilin tafiyar kuwa wani fari ne da uwar ke hangowa can cikin idon yarinyar na hagu idan hasken fitila ya faɗa masa, kamar idon kyanwa. Wanzami ya ce hakiya ce. Amma ba hawaye, ba kwantsa, tana wasanta lafiya lau. Sai muka ji Baturen likita ya sauka a Ringim yana duba masu ciwon barci.

Hanyar yashi ce zalla, jakinmu kuma kowace tsamiya ya gani sai ya tsaya gaishe ta. A bakin kogi masu fito suka ce sai kuɗin Bature, mai furar da ke gefensu ta ce ita sai kuɗin wuri. Na Bature kaɗai muka riƙo, muka haye da yunwa.

A Ringim mun tarar da jama'a a jere ana tattaɓa musu wuya. Da aka zo kanmu na ce mu ido ne ya kawo mu. Likitan ya shigar da mu wata bukka mai duhu, ya kunna fitila, ya leƙa idon ta wani ɗan madubi mai huda. Ya daɗe yana leƙe.

Tafinta ya ce, "Malam, wai wani mugun tsiro ne a ciki. A kai ta Kano a cire idon."

Yayana ya ce, "Idon da ko ciwo ba ya yi?"

"Wai ranar da ya fara ciwo, ba ido kaɗai zai ci ba."

Yayana ya ce mu koma gida a nemi na gargajiya. Mai ɗakina ta gyara goyo ta ce, "Yaya, ina ake hawan jirgin Kano?"

Ban taɓa shiga jirgin ƙasa ba sai ranar, amma ba zan iya ba da labarinsa ba, hankalina yana kan goyon. A asibitin Kano aka shaƙa wa yarinyar wani abu ta yi barci, aka dawo mana da ita fuska a naɗe. Da aka kwance, suka leƙa na daman, suka ce ƙalau yake, amma mu riƙa kawo ta.

Mun dawo gida ana shirin girbi. Wasu suka ce Allah ne ya kai mu da wuri, wasu suka ce mun bai wa Bature ido a banza. Ni har yau na kasa gane yadda ciwo zai zauna cikin yaro bai yi kuka ba. Abin da na koya dai, kada a jira kukan. Ita kuwa ga ta can tana korar awaki, idonta ɗaya, ba ta san ana gardama a kanta ba.