Sènami da manhajar ungozomomi

A layinmu na Akpakpa, nan Kwatano, ba wanda bai san Sènami Ahouandjinou ba. Yarinyar da ko ƙosai ba ta iya juyawa ba, wai ita ce mai tsaron sirrin mutane a waya!

Aikinta a wani ɗan kamfani ne da ya ƙera manhajar da ungozomomi za su riƙa hira da masu ciki. Hira ce da ko uwar miji ba a so ta ji. Yadda ta yi mana bayani, kowace waya tana aika wa 'yar'uwarta ɗigo ɗaya daga kan wani lanƙwasasshen layi na lissafi, da shi suke haɗa makullin sirri. Mu dai kai muka gyaɗa.

Ana gab da bikin ƙaddamar da manhajar, an ɗinka anko, an kama mai girki, sai Sènami ta gano manhajar ba ta duba ko ɗigon da aka aiko na kan layin ne. Ko na bogi ne karɓa take. In ɓarawo ya yi ta turo na bogi, makullin zai riƙa zubo masa kaɗan-kaɗan har ya cika.

Ta sami mai kamfanin, Fofo Codjo.

"Fofo, a ɗaga bikin nan."

"Ke Sènami, kanki ɗaya? Na gayyaci rabin gari! Bayan biki ma gyara."

"Bayan an gama karanta cikin matan mutane? To ba ni izini in gwada a wayarka."

"Gwada mana, Malama Lissafi."

Kwana ta yi kwamfutarta na aiki. Washegari ta miƙe gaban ma'aikata, ta san in abin bai yi ba sai dai ta nemi wani aikin. Ta gyara murya ta karanta saƙon da ta zaro daga wayar Fofo:

"Masoyiya, don Allah kar ki gaya wa kowa ina rina gashina."

Ofis ya kece da dariya. Fofo Codjo ya dafe kai.

"Da na wata mai ciki ne fa?" in ji Sènami a hankali.

Ya ɗauki waya da kansa ya kira mai girki ya ce an ɗaga biki.

Sai da ta toshe ɓarakar nan tsaf aka saki manhajar, bayan makonni. Ƙanwata ma da ita take hira da ungozomarta. Na yi juyin duniya in ji me suke cewa, ban samu ba.