Takardar da Inna ta ɓoye a adaka

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa min: ina ƙyashin ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na koya masa ɗaure tazuge, amma yau in na hango shi a kan babur sai in kau da kai.

Da mahaifinmu ya rasu aka raba gado, kowannenmu ya tashi da karsana biyu, suna hannun wani Bafulatani aminin Baba a gefen dajin Falgore. Ni a lokacin malamin firamare ne a Tudun Wada, ni ne ɗan bokon gidan. Shi kuwa daga aji uku ya gudu, ba abin da ya sani sai masara da garma.

Lokacin ne ake yayin hannun jari. A ofishin malamai ba a wata hira sai ita. Wai ka sayi wani yanki na banki, kuɗinka ya riƙa haihuwa ba ka yanko masa ciyawa ba. Na ce to ni me zan yi da saniya, abar da kaska ma ke kayar da ita? Ƙanena ya ce, "Yaya, ka bar ko ɗaya mana." Na yi masa dariya. Da ya ga da gaske kasuwa zan kai su, sai ya fasa rumbunsa ya sayar da masara, ya saye su a hannuna don kada shanun Baba su fita daga gida. Har tausayinsa na ji, wallahi.

Na shiga Kano na sayi hannun jarin wani banki, bayan 'yan watanni aka ba ni takardar shaida mai ado a gefe. Ban zame ko'ina ba sai ɗakin mahaifiyarmu. Na ce, "Inna, adana wannan. Kujerarki ta Makka ce." Inna ba ta karatun boko. Ta karɓa da hannu biyu, ta naɗe a kallabi, ta sa a ƙasan adaka kusa da likkafanin da ta tanadar wa kanta. Tun muna yara ba ta da buri sai ta ga Ka'aba.

Da fari abin ya yi daɗi. Nakan sayi jarida in baje a majalisa, ina bin layin farashi da yatsa, mutane na leƙe. Sai aka fara ji a rediyo bankuna na durƙushewa a ƙasashen Turawa. Na ce ina ruwan Tudun Wada? Ashe da ruwanta. Farashi ya dinga zubewa kamar ginin ƙasa a tsakiyar damina. Daga baya hukuma ta sa hannu a wasu bankuna, har da nawa, don kada kuɗin masu ajiya ya salwanta. Na yi murna, na garzaya wurin dillalin da ya sayar min. Ya ce, "Malam, masu ajiya aka ceta. Kai ai mai banki ne, asara taka ce." Ka ji fa! Mai banki, da kuɗin motar komawa gida da ƙyar.

Shekaru suka yi ta tafiya, naira na ramewa, kujerar Makka na ƙara nisa. Shanu kuwa ba su san an yi ba. Wata annoba ta kashe wa ƙanena biyu, na je jaje, kuma Allah ya yafe min, ban ji zafin da ya kamata in ji ba. Amma karsanata mai ɗigon baƙi a goshi, wadda na raina, sai zuba 'ya'ya take. In Bafulatanin ya aiko da man shanu, ƙanena sai ya raba biyu ya kawo min. Ni kuma sai na sami abin cewa, ko ya yi tsami ko an gauraya shi. Ranar kasuwa nakan zagaye kara, inda ake cinikin shanu, don kada in gan shi dillalai na ba shi hannu. Inna takan tambaye ni lokaci-lokaci, "Takardar ba ta nuna ba tukuna?" In ce saura kaɗan.

Wata safiya ƙanena ya same ni ina wanke babur. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya sayar da bijimai, ya biya wa Inna kujera. Ni kaɗai ya gaya wa, wai ni ne babba, ni ya dace in kai albishir. Maimakon godiya sai na hau shi da faɗan bai yi shawara da ni ba. Na dai je na ce, "Inna, kujera ta samu." Ban ce daga ina ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ranar tafiya gida ya cika da 'yan rakiya. An gama ɗaure kaya sai ta kira ni gaban jama'a, ta kwance kallabin nan, ta miƙo takardar.

"Wa zan nuna wa wannan a filin jirgi?"

Kafin in haɗa kalma ƙanena ya ce, "Inna, ai an riga an nuna. Ta gama aikinta, mayar wa Yaya abinsa."

Ta dafa kaina ta yi ta sa min albarka, mata na amin. Can ta waiga ta ce masa, "Kai ma Allah ya yi maka albarka da zirga-zirgar da ka sha." Ya ce amin yana murmushi, ko a jikinsa. Nan na gane ba shanun ne kaɗai suka tsone min ido ba. Ni da na yi shekaru ina neman wannan albarkar, ga wanda ya biya kuɗinta ya miƙo min ita kamar ragowar goro.

Da ta dawo ta ba shi hula da carbi, ni ta ba ni farar jallabiya mai tsada, ta ce ta wanda ya kai ta ce. Duk Juma'a yana sanye da hularsa a sahun gaba. Jallabiyar tana cikin akwatina tare da takardar, har yau ban iya sa ta ba.