Ƙuri'ar da Yaya Hamisu Ya Ƙi Jefawa

Shekara goma ke nan cif da muka binne Yaya Hamisu a nan Greensboro. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, shi ya yi mini hanyar zuwa karatu Amurka, kuma ya rasu ina fushi da shi. Wannan ne ban taɓa iya faɗa wa kowa ba.

Yaya ya zo ƙarshen shekarun saba'in yin digiri a kan tarihin wasanni a makarantu, karatun da mu 'yan injiniya muke yi wa dariya. Yini yake a laburare yana murza na'urar da ke haska tsofaffin jaridu, yana bin sakamakon wasannin kwalejoji na ƙarshen ƙarni na sha tara. Wanda ya ci bai dame shi ba. Wasan da aka tashi kunnen doki yake nema, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai roron gyaɗa. In ya dawo sai ya cika mu da labari: wani wasan faɗuwar rana ce ta raba shi, wani kuma baƙi ne suka ji jirgin ƙasansu zai tashi, aka yi musabaha kowa ya kwashi kayansa. Abin da ke burge shi, in ji shi, shekara na zagayowa sai su sake haɗuwa. Muka laƙaba masa Canjaras, ya kuwa amsa.

Sai zaɓen ƙungiyarmu ta Hausawan garin ya zo. Lokacin falo ɗaya ke ɗauke mu duka. Na tsaya takarar shugaba, Idi ɗan Maraɗi ma ya tsaya, kafin a ankara magana ta koma ta 'yan Najeriya da 'yan Nijar. Aka ƙirga, ƙuri'a ta zo daidai wa daida. Dokarmu ta ce mai jagorantar zaɓe shi ke raba gardama, mai jagorantar kuwa wana ne. Har na fara gyara hula.

Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya ce mu riƙe shugabancin tare. Na bi shi har bakin mota.

"Haba Yaya, a gaban mutane za ka kunyata ni?"

"Sabo, in na ba ka, rabin falon nan ba za su sake zuwa mitin ba. Shugaban su wa za ka zama?"

Na yi fushi irin na ɗan shekara ashirin da biyar. Wata biyu ina kauce masa. Ya aiko matarsa, Anti Rabi, da dambun nama da saƙon in zo mu yi magana. Na cinye dambun, na ƙi zuwa. Gani nake akwai lokaci. Wata safiya da ƙanƙara ta lulluɓe titi, mota ta ƙwace masa a hanyar Sedgefield. Idi ne ya kawo mini labarin. Shi ya yi wa Yaya wanka da na kasa, shi ya yi ta yawo har ya samo maƙabartar da ta yarda mu binne shi yadda addini ya ce. Da na sani ƙeya ce, na san nauyinta.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ranar Sallah yanzu sai mun kama babban zaure a cikin gari, wasu tun daga Pleasant Garden suke tuƙo mota. 'Ya'yanmu a yi musu Hausa su amsa da Turanci, na san wannan zai sa shi riƙe baki. Amma zai yi dariya sosai in ya ji har yau shugabanni biyu muke zaɓa, ɗaya daga kowane ɓangare, sabbin zuwa kuma suna rantsuwa tsohuwar al'ada ce daga gida. Ni da Idi kuwa, bara shi ya raɗa wa ɗiyata suna. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Digirin bai kammalu ba, takardun suna cikin kwali a gidan Anti Rabi. Bai bar gida ba, bai bar littafi ba. Jama'a ya bari waɗanda suka san ana iya tashi daga gardama ba a kayar da kowa ba, gobe kuma a ci tuwo a kwano ɗaya. Ina kewarsa ƙwarai, Allah Ya jiƙansa.

Maganar da na hana shi ji wata biyu, yau zan faɗe ta a gaban duk mai karanta jaridar nan. Tsakanina da kai, Yaya, ba a tashi kunnen doki ba. Kai ne da gaskiya, ka yafe mini.