Baba Mai Washi da Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Ƙota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, 'yarka ta kira ni ta ce Allah ya yi maka rasuwa bayan jinyar kwana shida. Na ajiye ɗinkin da ke hannuna na yi kuka. Amma Baba Mai Washi, da na zauna rubuta wannan, murna ce ta fi yawa a abin da nake tunawa, don da murna na san ka.

Shekara arba'in kana wasa wuƙaƙe a shagonka mai ƙofa ɗaya. Bayan dutsen washi akwai kabad ɗin gilashi cike da tsofaffin wuƙaƙe da ka tara, yawancinsu babu tambarin maƙeri. Kai ka koya mana yadda tambari ke ɓacewa: washi ya cinye shi, tsatsa ta rufe shi, wani ya goge shi garin neman ƙyalli, ko kuma tun farko maigidan maƙera ya hana ma'aikatansa sa nasu. Kana ɗaga wuƙa ka ji nauyinta, ka ƙyasta ta da farce ka saurari ƙararta, ka ƙirga ƙusoshin ƙota. In ka gane mai ita, sai fuskarka ta washe. In ba ka gane ba, ka ce ba ka sani ba. Wani ya taɓa roƙon ka buga wa wuƙarsa tambarin wani shahararren maƙeri. Ka miƙa masa abarsa, ka ce ba ka yi wa ƙarfe ƙarya.

Ni washi kawai ya kawo ni. Bayan rasuwar mahaifiyarmu na tsinci wata wuƙa a ƙasan akwatinta, naɗe cikin tsumma. Yayana ya ce a jefa ta cikin tarkace, ni kuwa na ce za ta yi amfani a kicin. Ka karɓa, ka juya ta a haske, sai ka miƙe zumbur har tabaranka ya faɗi.

"'Yata, ina kika samo wannan? Bahago ne ya ƙera ta. Dubi sawun magagari, ya karkata ta ɗaya ɓangaren."

Ka buɗe kabad, ka jera wasu guda biyu kusa da tawa. Sai ka ce 'yan uwa ɗaya. Ka ce shekara ashirin kana cigiyar wannan bahagon, babu wanda ya san shi. Na ce maka mahaifina bahago ne, ya yi aiki a maƙerar wani, ya rasu ina shekara uku, ko hotonsa ba mu da shi.

Ka nemi izinina ka cire ƙotar. A jikin ƙarfen da itace ya rufe akwai ɗigo uku a jere. Ka ce cikin naka biyun ɗaya ɗigo ɗaya gare ta, ɗayar biyu, kuma ma'anarsu ta daɗe tana damun ka. Nan take ka rufe shago tsakar rana, abin da maƙwabtanka suka ce ba su taɓa gani ba, muka tafi wurin gwaggona, ƙanwar mahaifina. Kana gaba ina bin ka da sassarfa, kai da kake kukan gwiwa.

Gwaggo ta shafa ɗigon da yatsa. Sannan ta ce maigidan mahaifina ya hana shi sa suna, shi ya sa yake ɓoye alama inda ba a gani, duk haihuwa ya ƙara ɗigo ɗaya.

"Ke ce ta ukun," in ji ta.

Ka yi ta dariya kana share hawaye da bakin riga. Washegari ka aiko da naka biyun, mai ɗigo ɗaya ga yayana, mai biyu ga yayata. Na ce shekara ashirin fa kana riƙe da su. Ka ce ajiya ce, masu ita sun zo. Yayan nawa da ya so a zubar da tawa, har yau ba ya bari kowa ya yanka ko albasa da tasa.

Mu uku mun girma ba mu da abin da za mu nuna wa 'ya'yanmu mu ce wannan aikin kakanku ne. Kai ka ba mu.

Ya Allah, ka jiƙan wannan bawa naka, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa da haske, ka haɗa shi da mahaifinmu a Aljanna su gaisa, tunda a duniya aikin hannu kawai ya haɗa su. Ga Inna matarka, da 'yarka, da jikokinka, da duk maƙwabtan shago, ina miƙa ta'aziyyata da ta 'yan uwana. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kyautata namu ƙarshen. Amin.