Uku da Sha Ɗaya a Mitar Maman Ishaya

Mun tashi daga Jimeta ladan bai gama kiran asuba ba, mu uku a tsohuwar motar kamfani: direba, injiniyan da nake aiki a ƙarƙashinsa, sai ni rungume da kwamfuta kamar mai jego. Ga wanda bai san ni ba, ni ba injiniya ba ce. Sakandare na gama, na koyi buga kwamfuta, wani ƙaramin kamfanin wutar sola ya ɗauke ni. Aikina in shigar da abin da aka ce in shigar, in karanta abin da ya fito. Bakina kuwa ba wanda ya ɗauke shi aiki, shi ke kai kansa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani ƙauye muka nufa bayan Muchalla, a Mubi ta Arewa. Kafin shekarar gudu, wato lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa yankin, manoman wurin sun haɗa ƙungiya sun kafa wutarsu ta sola: farantai da batura a wuri guda, waya ta bi gida-gida, kowane gida da mitarsa. Da 'yan bindiga suka shigo aka kwashe farantan da baturan. Mitocin ne suka tsira, don suna manne a bango kuma ba mai saye. Yanzu mutane sun koma, an samo sabbin kaya, mu aka tura mu haɗa.

Shingen sojoji kuwa, tun kafin Song na daina ƙirgawa. A wani an sa na sauko na kunna kwamfutar don su tabbatar kwamfuta ce. A Gombi muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai, uku naira hamsin, ƙanana kamar an tsorata su. Na faɗa wa mai suyar haka. Ta ce in kawo wakena ta soya min manya. Na biya ta, don ta fi ni gaskiya.

Daga Hong zuwa Mararraba hira ta mutu a motar. Ga majami'a ba rufi, ga masallaci bangonsa ya yi baƙi, ga gidan mai da ciyawa ta tsiro a gindin famfonsa. A tsakaninsu kuma dawa ta yi kai sosai, mata na tsinkar gyaɗa. Mubi kanta ta cika da mutane, kasuwa na ci, amma in ka ɗaga ido sama da rumfuna za ka ga ramukan harsashi da aka toshe da siminti, launinsu daban da na bangon.

A hanya ne injiniya ya yi min bayanin aikin. Sabon akwatin da za mu kafa yana da wayo. Kowace mita tana gaya masa abin da gidanta ke sha, shi kuma ya raba wutar. In batura suka yi ƙasa, sai ya tsayar da injin niƙa don firjin magani na ƙaramin asibitin ƙauyen ya ci gaba da aiki. Duk wannan kuma muna iya gani daga ofis a Jimeta. Matsalar ita ce ba ya jin yaren tsofaffin mitocin. Na ce mita ma da yare? Ya ce in dubi kasuwar Mubi: Bafali da Bagude da ɗan Michika da Bafulatani, kowa da harshensa, amma in an zo ciniki Hausa ke haɗa su. Na'urori ma an yi musu irin wannan Hausar, an amince kowa ya bi, sai dai kamfanin da ya ƙera tsofaffin bai bi ba. Don haka dole mu ciccire mitoci masu lafiya mu sa sabbi. Na ce wannan ai almubazzaranci ne. Ya ce bai musa ba.

Shugaban ƙungiyar, wani malamin firamare mai ritaya, shi ya riƙa zagayawa da mu. Aiki na tafiya sumul har muka iso gidan wata tsohuwa da ake kira Maman Ishaya. Mun same ta zaune a kan kujera daidai ƙarƙashin mitar, tana ɓarar gyaɗa. Ko motsi ba ta yi ba.

Na ce, “Mama, ki ɗan matsa. Sabuwa za mu sa miki, ta fi wannan.”

Ta ce, “Kai yarinya, na ji. Ba za ka cire shi ba.”

Haka Hausar can take, mace ma “kai” ce. Ni dai rana ta dame ni, saura gidaje takwas, har na fara ɗaga murya. Malam ya ja ni gefe, ya ce in ji labarin tukuna.

Ishaya ɗanta ne, yana acaɓa a cikin Mubi. Safiyar da gari ya rikice ta kira shi a waya ta ce ya taho gida, suna jiransa. Kafin rana ta yi tsaka harbi ya matso, maƙwabta suka ja ta da jikokinta suka hau dutse, wajen iyakar Kamaru. Layin waya ya ɗauke. Daga ranar ba wanda ya sake ganin Ishaya, ba shi, ba gawa, ba babur. Shi ne kuma ya taɓa gaya mata cewa mitar nan tana riƙe duk ranar da aka kunna fitila. Makunnin ɗakinta ma shi ya mayar da shi saman ƙofa, bayan azara, saboda jikoki na wasa da shi. Baƙo ba zai taɓa gano wurin ba. Abin da take so ta sani guda ne: ya zo gidan ko bai zo ba? Shekara uku amsar na manne a bangonta, ba mai buɗe mata.

Kunya ta kama ni. Injiniya ya ce za mu gwada.

Gwajin farko bai je ko'ina ba, don bakin mitar mai ƙananan haƙora tara ne, wayarmu kuma shafaffiya. Washegari da safe muka koma kasuwar Mubi neman wayar haɗi. Masu sayar da waya suka yi ta tura mu gaba har muka faɗa rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya tono wani kwali, ya kakkaɓe, ya zaro ta. Ya ce, “'Yata, wannan wayar ta girme ki, ki riƙe ta da ladabi.” Kuɗin da ya yanka mana kuwa zai sayi kaza biyu. Na ce masa wannan fashi ne. Ya ce in je in nemo a wani wuri. Muka biya.

Mun koma ƙauyen wajen azahar. Da aka haɗa, abin da ya fara fitowa a fuskar kwamfutar tarkace ne, kamar kaza ta yi tonon shara. Injiniya ya shafe kusan awa biyu yana lallaɓa manhajar sabon akwatin har ta yarda ta karɓi abin da tsohuwar mitar ke faɗa. Ana cikin haka aka kira shi wajen firjin asibiti. Da zai tafi ya ce, “In ya gama, kada ki taɓa komai, ki jira ni.”

Ban taɓa komai ba. Bakina ne bai jira ba.

Layuka suka jeru, da yawansu jajaye, manhajar ta ware su ta ce kuskure ne. Ban ko dube su ba. Idona na kan layin ƙarshe, ranar ƙarshe da aka kunna fitilar gidan. Lamba biyu ce: uku da sha ɗaya. Tsohuwar mitar ba ta rubuta shekara. A gefe manhajar ta fassara: sha ɗaya ga Maris. Gudun kuwa ƙarshen Oktoba aka yi shi. Na lissafa da yatsu, wata huɗu da ɗoriya. Na miƙe har kujera ta faɗi.

“Mama! An kunna fitilarki a watan Maris! Ya zo, Mama, kuma bayan wata huɗu yana da rai!”

Ban taɓa ganin tsohuwa ta tashi da sauri haka ba. Gyaɗar cinyarta ta watse. Ta rangaɗa guɗa, ta durƙusa, ta kama waƙa da yarensu. Maƙwabta suka cika gidan. Nan take ta haɗa labarin da kanta: ya zo bai same su ba, ya bi su Kamaru, yana can wani sansani yana neman su, wataƙila ya zaci sun mutu. Ta ce jibi za ta kai akuyarta kasuwa ta shiga mota. Mace mai shekara saba'in da wani abu, ƙafa na ciwo. Ta cika min kwano da gyaɗa, ta riƙe fuskata da hannu biyu, ta ce Allah ne ya aiko ni. Ni kuma ina ta washe baki.

Injiniya ya dawo ya tarar da taro. Ya zauna ya buɗe jajayen layukan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo min da kwamfutar. Ashirin da takwas da goma. Ashirin da tara da goma. Talatin da goma. Ya ce a hankali, “Me ya sa take ganin waɗannan kuskure ne?”

Na gane kafin ya ƙarasa. Babu wata na ashirin da takwas. Sabuwar manhajar da wata take farawa, tsohuwar mitar kuwa da rana. Ba sha ɗaya ga Maris ba ne. Uku ga Nuwamba ne, kwana huɗu bayan gudu. Kwana uku mitar ta yi shiru, sai wannan layi ɗaya: fitila guda, a kunne tun magariba har gari ya waye. Daga shi ba wani.

Gyara wannan a kwamfutar bai ɗauke shi minti ɗaya ba. Bai yi min faɗa ba, kuma da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, “Ke kika faɗa, ke za ki gyara.”

Malam ya sallami mutane. Na durƙusa gabanta na faɗa mata yadda yake, ban yi kwana-kwana ba, don ban iya ba. Na ce na yi kuskuren karatu. Ya zo, amma kwana huɗu bayan tafiyarku ne, ba wata huɗu ba. Ya bar fitilar a kunne har safiya. Bayan nan mitar ba ta san komai ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta tsura wa bangon ido, leɓenta na motsi, tana ƙirga kwanaki. Can ta ce, “Kwana huɗu.” Ta juya wajen Malam. “Malam, ka tuna? Muna kan dutse, mun ga wuta ɗaya a cikin ƙauye.”

Malam ya sunkuyar da kai.

Ta ce, “Muka ce 'yan bindigar ne suka shiga gidaje. Da safe muka ƙara gaba.”

Akuyar da za a kai kasuwa tana ta cin gyaɗar da ta zube, ba wanda ya kore ta. Daga baya Mama ta ja kujerarta daga ƙarƙashin mitar, ta ce wa injiniya, “Cire shi. Ya gama magana.” Abu ɗaya ta roƙa: a bar makunnin inda yake, saman ƙofa. Na tura mata kwanon gyaɗar, ta turo min shi. Ta ce, “Kai yarinya, ɗauka. Ka ba ni ɗana na awa ɗaya. Shekara uku ba wanda ya ba ni.”

Na fi son da zagina ta yi.

Mun gama sauran gidajen a kwana na uku. Wuta ta kama, firjin asibiti ya fara gurnani, mata suka jera buhuna a injin niƙa. Muka kamo hanya, shinge bayan shinge, har Jimeta bayan la'asar. Direba ya ce tunda ya san ni bai taɓa jin na yi shiru daga Mubi har Girei ba.

Abin da na dawo da shi ba shi da yawa. Masu ƙera waɗannan na'urori suna can nesa, kowa na rubuta kwanan wata yadda ya ga dama, ba su san a wani ƙauye bayan Muchalla tsakanin rana da wata akwai ran ɗan mutum ba. Su zauna su daidaita, ba alfarma ba ce. Ni kuma na koyi duba jajayen layuka kafin in buɗe baki, koyon da wata ta biya min kuɗinsa.

Yanzu kowace safiya in na kunna kwamfuta a ofis, mitocin ƙauyen suna aiko da rahotonsu cikin yare ɗaya, rana a gaba, wata a baya, kamar yadda injiniya ya saita. Gidan Maman Ishaya kullum abu guda yake nunawa: fitila ɗaya, daga magariba har wayewar gari. Sabon akwatin ya taɓa nuna ta a matsayin ɓarnar wuta. Na kira Malam na gaya masa. Ya ce ƙungiya ta riga ta zauna a kan maganar, an ce a bar ta.