Kaset ɗin Jirgin Ruwa

A Riyad babu teku, babu kogi, ko gulbi irin namu na Maradi da ke kawo ruwa da damina babu. Shi ya sa tun kafin mu tashi na san cewa in na dawo na ce wa 'yan ƙasarmu na kwana a jirgin ruwa mai benaye, da kasuwa da dandalin wasa a cikinsa, dariya za su yi mini. Ni kuwa a shekarun nan ba na jure dariya.

Ina tuƙi ne a wani gida a unguwar Al-Murabba. Maigidana, wanda takardar zamana ke hannunsa, tsoho ne da ciwon suga ya raba shi da ƙafa ɗaya. Ni ke tura kekensa, ni ke ɗaga shi in sa a mota. Saboda haka da zafi ya tsananta suka shirya fita waje, dole aka tafi da ni. Mu huɗu ne: tsohon, da ni, da 'yarsa wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, da ɗanta ɗan shekara shida.

Duk wanda ke cin abinci a gidan ya san maganar yaron nan. In ya kai bakwai za a je gaban alƙali a tambaye shi wurin wa yake so ya zauna, kuma kowa ya san uwarsa zai zaɓa. Hanya ɗaya ta rage wa dangin ubansa, su nuna cewa uwar ba ta da kamun kai. Suna nema kuwa, ba dare ba rana.

A jirgin, kullum bayan cin abinci ana wasa a wani babban zaure mai kujeru ja. Kafin a ɗaga labule sai wata murya ta yi sanarwa da harsuna da yawa, har da Larabci: ba a ɗaukar hoto, ba a ɗaukar bidiyo, duk mai kyamara ya mayar da ita jaka. Ma'aikata kuma na tsaye a gefe suna duba mutane. Na ga sun je wurin wani Bature da ya haska fitilar kyamararsa, suka sunkuya suka yi masa magana cikin ladabi har ya ajiye. A raina na ce wayo ne kawai, suna so a sayi nasu kaset ɗin ne a shago.

Kyamarar bidiyon tsohon a wurina take, ni ke ɗaukar masa garuruwan da muke tsayawa. Tana da wata 'yar jar fitila da ke kamawa in ana ɗauka. Na yanko baƙin salatif daga akwatin gyaran keke na liƙe ta, na sa sabon ƙaramin kaset da na saya da kuɗina, na ɗora ta a cinyata na rufe da gefen bargon tsohon, bakinta kawai a waje.

Aka yi rawa, aka yi tsalle-tsalle a kan igiya. Sai wani mai dabo ya fito da baƙar riga yana fitar da tattabaru daga hannunsa. Ya sauko cikin mutane ya nuna yaron. Yaron ya riƙe abayar uwarsa ya ƙi tashi sai da ita. Da ma tun da aka kashe fitilu ta ɗage niƙabinta don ta gani sosai. Ta dubi ubanta, ya yi dariya ya ce ta je, wa ya san ta a nan. Ta hau. Mai dabon ya ciro kuɗi daga kunnen yaron, ya juya ya ciro fure ya sa mata a tafi, ya riƙe hannunta ya ɗaga sama, jama'a na tafi. Mayafinta ya zame. Tana dariya irin wadda ban taɓa jin ta yi a Al-Murabba ba.

Yatsana na kan maɓallin kashewa. Ban danna ba, domin tattabarun suna kan kafaɗar yaron, kuma su nake so a gani a gida.

Muna komawa ɗakuna ina tura keke, na ji ta ce wa ubanta, "Wallahi da ba don sun hana ɗaukar hoto ba, da ban hau ba." Na ci gaba da tura keke.

Da muka dawo Riyad, ranar Alhamis na tafi unguwar Al-Jaradiya, ɗakin da 'yan ƙasarmu ke taruwa a ci tuwo a yi hira. Ƙaramin kaset ba ya shiga bidiyonsu, sai wani abokina mai aikin fenti ya ce zai kai shago a juye shi a babba. Na ce masa kada kowa ya kunna sai ina nan, niyyata in tsayar da shi kafin wurin mai dabo. Washegari jikin tsohon ya tashi aka kwantar da shi asibiti, na yi kwanaki ban leƙa ko'ina ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko, ina neman takalmina a ƙofar masallaci, sai mai fentin ya dafa kafaɗata.

"Kai, ɗan Maradi, ashe wannan karon ba ƙarya ka yi ba! Mun ga jirginka. Mun ga masu rawa, Allah ya shirye su. Har 'yar gidanku mun gani tana karɓar fure, ashe haka take da kyau?"

Na ce, "Ina kaset ɗin?"

"Baba na Damagaram ya ara jiya. Ya ce shi ma sai ya ga teku kafin ya mutu."

Baba na Damagaram dattijo ne da ya riga mu duka zuwa ƙasar. Direba ne a unguwar Al-Badi'a, a gidan iyayen tsohon mijin 'yar maigidana. Ɗakinsa na bakin ƙofa, kuma samarin gidan a nan suke zama su kalli kokawa, don ubansu ya hana bidiyo a cikin gida.

Ban iya kai motar maigidana ƙofar gidan ba, kowa a can ya san ta. Na ajiye ta nesa na taka a ƙasa cikin rana, titi ba kowa, riga ta manne mini a baya. Na ƙwanƙwasa. Baba ya buɗe, na leƙa, sai ga ƙanin mijin zaune a kan katifa da kofin shayi. Kaset ɗin na saman talabijin, kusa da shi har in ya miƙa hannu zai ɗauka.

Na yi sallama da Larabci, na zauna. Baba ya zuba mini shayi yana murmushi, kamar mai tambayar lafiyar iyali, ya ce da Hausa, "Sha, ɗan banza. Kada ka dubi talabijin."

Saurayin ya kalle ni ya ce kamar ya san fuskata. Baba ya ce duk baƙaƙe kama suke masa, suka yi dariya. Sai saurayin ya miƙa hannu ya ɗauki kaset ɗin yana juya shi, babu rubutu a jikinsa.

"Wannan fa, ammi?" ya ce wa Baba, wato baffa da Larabci. "Sabo ne? Sa mana."

"Sa mana kuwa," in ji Baba. "Wa'azin ƙasarmu ne a kan wankan gawa. Malamin tsoho ne, yana yi yana tari. Wannan yaron ya kawo mini, yanzu za mu kalla daga farko. Zauna ka ƙaru."

Saurayin ya riƙe kaset ɗin, yana duban Baba yana dubana. Ya tura kaset ɗin bakin bidiyon har rabi, sannan ya ce, "Da Larabci?"

"Da Hausa. Ni zan fassara maka, kalma kalma."

Ya zare ya jefa a katifa, ya ce Allah ya ba mu lada, ya fita.

Baba ya rufe ƙofa, murmushin ya ɓace. "Ni na tuƙo ta ranar da aka kawo ta gidan nan amarya. Tun kafin ta juyo a kaset ɗin na gane tafiyarta. Ka ci gishirin mutane, sun ɗauke ka sun kai ka inda ubanka bai taɓa zuwa ba, abin da za ka saka musu ke nan?"

Na ce, "Baba, tattabarun nake..."

"Rufe mini baki. Ni ma gishirin gidan nan nake ci, ka sa na yi wa ɗansu ƙarya ranar Juma'a. Ɗauki. Ina ƙaramin?"

Ƙaramin yana shago. Na jira a bakin ƙofar har aka idar da la'asar aka ɗaga ƙyauren. Mai shagon ya lalubo shi a cikin kwali ya miƙo mini. Na tambaye shi ko ya ajiye wani kwafi. Ya ce me zai yi da shi, yana dariya. A bayansa injuna ne jere a kan kanta, ɗaya bisa ɗaya, duk suna juyawa, ana kwafar kaset daga kaset.

Maza da yawa sun riga sun gani, kuma bakin direbobi ba ya da marfi. Na ga gara ta ji daga wurina. Na aika mai aikin gida ta kira ta ƙofar kicin. Ta tsaya daga ciki, ƙofar a ɗan buɗe, ni daga waje. Na faɗa mata duka, na tura kaset biyun ta ƙasa.

Ta sunkuya ta ɗauke su. Sannan ta ce, "Su ke nan?"

"Su ke nan da na sani."

"Ka rantse babu na uku."

Na tuna injunan nan. Na buɗe baki na kasa. Ina jin numfashinta a bayan ƙofa.

"Kada babana ya ji," ta ce. "Abin zai kashe shi." Ta tura ƙofar ta rufe.

Ba ta sa an kore ni ba, domin kora na buƙatar dalili, dalilin kuma shi ne abin da take ɓoyewa. Na ci gaba da tuƙa ta asibiti da kasuwa, ba ta ƙara yi mini magana ba sai sunan wurin da za mu.

Da yaron ya cika bakwai, baffanninsa suka zo suka zauna da tsohon a zauren baƙi. Ina tsaye bayan kekensa. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce sai gaban alƙali, yaro ya faɗi da bakinsa. Sai aka aiko daga ciki cewa ta ce ba za ta je kotu ba, su ɗauke shi, ta roƙi dai a riƙa kawo mata shi ranar Alhamis. Tsohon ya sa na tura shi har ƙofar ɗakinta, yana kiranta yana tambayar me ya same ta. Ba ta buɗe ba. Baffannin ma mamaki ya kama su. A fuskarsu na gane ba su da komai a hannu, kuma har na baro ƙasar ban taɓa jin wani kaset na uku ya fito ba.

Ni na kai yaron Al-Badi'a da akwatinsa da kekensa a bayan mota. A hanya ya leƙo tsakanin kujeru ya tambaye ni ko kwana nawa zai yi. Na ce masa ya zauna da kyau, akwai 'yan sanda a gaba. Baba na Damagaram ne ya buɗe mana ƙofa. Ya karɓi akwatin daga hannuna, ya kama hannun yaron suka shiga.