Matar da ta riga Sale isa Sule Tankarkar

Shekara goma sha uku ke nan da muka kai Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifina, makwancinta a Gumel. Bana abin ya fi ci mini rai, saboda wani littafi mai hotuna da 'yata Ummi ta aro a makaranta. Labarin wata Baturiya ce da ta fara shiga tseren mota da maza a ƙasarsu. An zana ta da hular kwano, jama'a na tafa mata.

"Baba, mu ba mu da irinta?" in ji Ummi.

Muna da ita. Gwaggo ta koyi tuƙi a hannun mijinta, direban motar haya tsakanin Gumel da Maigatari. Da ya rasu ta ƙi sayar da motar, ta gyara mayafi ta nufi tasha. Direbobi suka hana ta layi. Wani cikinsu, Sale, ya ce in ta riga shi isa Sule Tankarkar zai bar mata layinsa na ranar kasuwa.

"Malam Sale, maimaita a gaban shaidu," ta ce.

Ya maimaita. Ta riga shi, har ta yi alwala kafin ya iso.

Ba wanda ya tafa mata. Sale ya ce ai wasa yake yi. Mahaifina ya ce ta zubar mana da mutunci, ya karɓe makullin. Motar ta ruɓe a ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta, Gwaggo ta koma suyar ƙuli-ƙuli har ƙarshen rayuwarta. Ni ma ba na wanke kaina. Da na zama saurayi, in abokai suka tayar da zancen, cewa nake ban san shi ba.

Yau malamai mata da ma'aikatan asibiti na tuƙa kansu zuwa Gagarawa, waɗanda suka yi wa Gwaggo ihu a lokacin su ne ke kiran haka ci gaba. Da za ta gani, ba na jin za ta zagi kowa. Tambaya kawai za ta yi a ba ta makullinta.

Na bi dangi gida-gida, ko hotonta guda a jikin motar babu. Abin da ya rage kalma ce a tasha: in direba ya cika gudu, tsofaffi kan ce, "Sai ka ce Talatu!" Matasan direbobi ma sun ɗauka suna faɗa, suna dariya. Na tambayi uku daga cikinsu ko wace ce. Ɗaya ya ce yana jin sunan wata aljana ce.